Ƙunzugun da Bai Ga Rana Ba

Ranar kasuwar da ta wuce, ɗaya daga cikinku, ku ƴan matan da kuke zuwa koyon ɗinki wurina a nan Sassumbrum, ta ɗauki ƙunzugu daga cikin kwando, ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Inna Zuwaira, wannan ai ba ɗinki ba ne, layi huɗu ne kawai. Ki koya mana riga mai aiki a wuya." Kuka kwashe da dariya, ni ma na taya ku. Kun san bakina ba shi da sauri. Amma hannuna ya iya biro tun da na shiga makarantar yaƙi da jahilci bayan na yaye ɗana na uku. Shi ya sa na sayi kaye, wato littafin rubutu, na ce bari in rubuta muku abin da ke cikin layi huɗun nan. Wadda ta fi murya a cikinku ta karanta wa sauran.

Ƙunzugu na farko da na ɗinka, a Magarya na ɗinka shi, a ɗakin Gwaggo Tsahara, ƙanwar babana. Ita tela ce tun ina yarinya. Wasu mutanen proje, wato shirin tallafa wa mata, suka zo suka koya wa mata ɗinkin ƙunzugun da ake wankewa a sake ɗaurawa lokacin al'ada, don audugar kanti ba kowace mace ke iya sayenta duk wata ba, tsumma kuwa kun san halinsa. Proje ya tashi ya tafi, yawancin matan suka koma ɗinkin zane, Gwaggo ta riƙe abin. Wata biyu na yi a wurinta. Ranar da na gama nawa na farko na miƙa mata ina murna. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Je ki ɗaura," in ji ta.

"Gwaggo, ai ina salla."

"Na sani, ƴar nan. Ɗaura, ki je rijiya sau biyu, ki dawo ki surfa mini geron can."

Kafin in gama surfe ina tafiya ƙafa a buɗe kamar wadda ta wuni bisa jaki. Bakin ɗinkin da na naɗe ta ciki ya goge mini cinya har ta yi ja. Gwaggo ta dube ni ta ce, "To, madalla. Yanzu kin san inda zare ba ya zama." Ta miƙo mini reza, na farke shi duka.

Kayan aikin ba su da yawa, kuna ganinsu kullum: keken nan baƙi mai ƙafa, almakashin da ko takarda ba na bari a yanka da shi, alli, maɓalli, da kwalin sukari da na yanka samfuri da shi. Wahalar tana wurin zaɓen yadi. Kowane mai yadi a kasuwa zai rantse miki nasa auduga ce zalla. Kada ki yi masa musu. Ki zaro zare ɗaya daga bakin yadin, ki ƙyasta ashana. In ya zama toka ya watse, auduga ce. In ya dunƙule ya yi baƙin ƙulli yana warin roba, ki yi masa godiya ki wuce, don wannan yadin ba ya shan komai, zafi kawai yake tarawa. Wanda kika saya kuma sai kin wanke shi sau uku kafin almakashi ya taɓa shi, don sabon yadi ruwa gangarowa yake yi a kansa. Gwaggo da zoɓo take gwaji. Ta zuba cokali uku a kan ƙunzugu, ta ɗora kwano ta danna, sannan ta ɗaga ta duba ƙasan. In ja ya fito ta baya, a farke.

A lokacin, yadda muka koya, tawul ake jerawa rufi uku, yadin laima a ƙasa don kada ya zuba, auduga mai laushi a sama, duk a ɗinke wuri guda. Kaurinsa ya kai tafin hannu. Ina alfahari da wannan kaurin, har nuna shi nake yi wa masu saye. Ku riƙe shi a ranku, zan dawo kansa.

Na fara sayarwa a rumfata ta kasuwa, rigunan yara a sama, ƙunzugu a ƙasan kwando. Shekara da shekaru ina wannan sana'a, ban fi mace biyu ko uku da suka taɓa kiran abin da sunansa ba. Mace za ta zo ta ɗaga rigar yaro, ta taya, ta aje, ta tambayi lafiyar yarana ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga wurin ya yi sauƙi sannan ta ce, "Inna, abin nan fa?" Kuma wannan ɗinki ba a auna shi da awo. Da tambaya ake auna shi, a hankali, ido a ƙasa. Kwana nawa kike yi? Rana ta biyu yana yawa? Rijiyarku da nisa? Kina hawa amalanke? Wadda ke wuni a gona, da wadda ke zaune bisa benci a lakwal tana karatun boko, da mai jego, kowace da irin nata.

Wani magidanci ya taɓa zuwa, ya tsaya nesa da rumfa yana kallon sama kamar mai duban hadari. Da ƙyar ya ce a ba shi kayan nan na mata, ƙarami, don iyalinsa ƴar siririya ce. Na ce, "Malam, abin ba da jiki ake gane shi ba. Kwana nawa take yi?"

Ya ce, "Subhanallahi! Ni ina zan sani?"

Na ce, "To ka gani. Hularka ma ai a kanka kake gwadawa. Ka bar ta ta zo ta zaɓa."

Ya yi dariya ya tafi. Kasuwar da ta zagayo ya kawo ta bisa moto, ya tsaya wurin mai shayi har muka gama. Babba ta ɗauka.

Nakan sha magana ta gefe biyu. Wata ƴar kolej ta taɓa ce mini in rubuta sunan abin a babban allo in kafa bakin rumfa, wai kunyar nan ce ke cutar da mu mata. Na ce mata rabin maganarta gaskiya ce, amma ranar da na kafa allon nan, matar ƙauye ba za ta sake tsayawa a gabana ba, sai ta koma wa tsummanta. Tsofaffi kuma suna cewa abin da Allah ya rufe, me ya kai shi kasuwa. Ni dai ina tsakiya ina taka kekena. Ban san kunyar da nake lallaɓawa za ta zo ta kama ni ta wata hanya ba.

Shekarar da damina ta yi nauyi, wadda katangu suka yi ta zubewa, na ga mata sun daina tsayawa. Kasuwa uku ba wadda ta ce mini "abin nan fa?" A ta huɗu mai daddawar da ke kusa da ni ta matso ta ce, "Zuwaira, wai ke ba ki ji ba? An ce kayanki na cin mahaifa." Ta ce maganar daga wani ƙauye ta fito, ta wajen Yekuwa. Akwai wata Rabi da ta sayi shida a wurina. Ƴarta Sa'a ta kai shekara huɗu, ita Rabi ba ta sake ɗaukar ciki ba, ga shi yanzu ƙaiƙayi ya kama ta, da farin ruwa, da ciwon mara. Uwar mijinta ta ce gishiri ne ya tsiro mata saboda ƙunzugun zamani, kuma an riga an gaya wa wanzami, jibi da safe zai zo ya yanka.

Wasunku ba su san yankan gishiri ba, Allah kada ya sa ku san shi. Wanzami ne ke sa aska ya tsaga mace ta gabanta, wai akwai abin da ya toshe hanya. Na san matar da aka yi wa a garinmu tun muna ƴan mata. Daga ranar fitsari bai sake tsaya mata ba.

Washegari da hantsi na hau amalanke. Hanya duk taɓo, sau biyu muna sauka muna turawa. Na iske gidan na zana ne, tsakar gida ɗaya, ɗakuna huɗu suna kallon juna, ƙannen miji suna shiga suna fita. Tsohuwar, uwar mijin Rabi, tana zaune bisa tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ke ce mai keken?" in ji ta. "Kin zo ki ga aikinki?"

Na ce, "Shi na zo gani, Iya. In kin yarda in shiga wurinta."

"Shiga. Abin da kika ɓata dai jibi... a'a, gobe ma, za a gyara."

Rabi tana kwance, ta tashi da ƙyar. Yarinya ce mai sanyin hali, ba ta wuce ashirin da ƴan kai ba. Bayan gaisuwa na ce ta nuna mini kayan. Ta leƙa ƙofa, sannan ta jawo wata kwalla daga ƙarƙashin gado ta buɗe murfi. Warin ya riga hannunta fitowa. Duk shidan suna ciki a naɗe, da danshi, funfuna ta yi musu ɗigo-ɗigo baƙi. Na sa reza na farka ɗaya. Tawul ɗin ciki ya yi kore.

"Wallahi ina wankewa, Inna," in ji ta. "Da sabulu nake wankewa. In matse sosai, in sa nan."

"Rana fa, ƴata?"

"A ina? Iya ta ce in idon namiji ya gani, ko maƙiyi ya yanki ƙyalle ya kai wa boka, an ɗaure mahaifa ke nan. Ni ma kuma, ki dubi gidan nan. In rataya shi gaban ƙannensa?"

Na zauna riƙe da abin a hannuna. Tsumman iyayenmu, duk da aibinsa, siriri ne. A rataya shi a ƙafar gado, kafin azahar ya bushe. Nawa mai kaurin nan da nake alfahari da shi, in bai wuni a rana ba, cikinsa ba ya bushewa. Kowace mace na sayar wa na ce mata, "Ki shanya a rana." Kowace ta ce to. Ban taɓa tambayar ko ɗaya ba ko tana da wurin da za ta shanya. Ni gidana da katanga, da lungu a bayan ɗaki, sai na ɗauka kowa haka yake. Da rani zafin ɗaki ya rufa mini asiri. Damina ta tona.

Na fito da kwallar a rufe, na durƙusa gaban tsohuwar. Na ce, "Iya, kin yi gaskiya, da hannuna a ciwon nan. Na ɗinka abin da ba ya bushewa a ɗaki. Amma danshi ne ya kawo shi, ba gishiri ba. Ni ba likita ba ce. Ki bar ni in kai ta gidan likita, sajfam, ungozomarsu, ta duba ta."

"Su tuɓe ta gaban mutane? Mu da aska aka yi mana, ga mu da ƴaƴa tara."

"Mace ce za ta duba ta, Iya, ƙofa a rufe."

"Na riga na gaya wa wanzami. Ba zan zama ƙaramar mutum ba saboda mai keke."

Na ce, "To ga magana. In an ba ta magani ba ta samu sauƙi ba, in ɗora kekena bisa amalanke in kawo miki har gida, ki sayar ko ki fasa, na bar sana'ar. Keken nawa ne, ina iya sa shi a magana. Amma jikin nan ba nawa ba ne, ba zan ce in ba ta warke ba a yanka ba. Wannan sai mai jikin."

Tsohuwar ta yi tsaki. "Yaushe aka fara tambayar yara?"

Na juya wurin ƙofar ɗaki, inda Rabi ta dafa bango tana saurare. Na ce, "Rabi, ke me kike so?"

Ta juya ta koma ciki. Har na ɗauka na jawo mata wata fitinar. Can sai ta fito da hijabinta a hannu, ta zo ta durƙusa gaban uwar mijinta. Kowa a gidan ya ji abin da ta ce.

"Iya, ki gafarce ni. Ban taɓa ƙin maganarki ba. Amma ni ke jin ƙaiƙayin nan, ni kuma zan ji askar. Ba na so. Likita zan je."

"In kin fita, kin fita da ƙafarki."

"Da ita zan dawo, Iya, in Allah ya so."

Ta ce mu bi ta gona ta gaya wa baban Sa'a. Muka iske shi yana noma. Ya jingina da hauya ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Iya ta sani?" Ta ce ta sani. Ya share zufa ya ce, "Ni da ma askar nan ba ta kwanta mini ba, ba a dai tambaye ni ba ne. Ku je, ina tafe." Ya iske mu can kafin la'asar, da ƙasar gona a ƙafarsa.

Sajfam ta duba ta, ta ba ta na sha da na sawa, ta ce a ƙone duk abin da ke cikin kwallar. Ni kuma ta yi mini faɗan da na cancanta, na ce na gode. Maganar ciki, ta ce wannan wani bincike ne daban, na Rabi da mijinta, ni ban shiga ba, ku ma kada ku tambaye ni. Kafin sati biyu ƙaiƙayi da ciwon mara suka tafi. Wanzami ya zo ya sha fura ya koma. Har yau Iya cewa take yi rubutun da ta karɓo ne ya yi aiki. Ban taɓa yi mata musu ba. Kekena dai yana nan.

Da na dawo gida na juye kwandon nan duka a tabarma, na farke kowane ɗaya. Kwanaki na yi ina yanka kwali ina zubarwa. Abin da na fito da shi shi ne wanda kuke gani yanzu: ƴar riga siririya mai fukafukai da maɓalli, yadin laima a bayanta, sannan ƙyalle guda mai kusurwa huɗu da ake ninkawa uku a zura a ciki. In an ninka, kauri ya samu. In an warware, falle ɗaya ne, iska kaɗan ta busar da shi. Na daina farin yadi, na koma mai launi, mai fure-fure, na yi masa kalmasa a baki kamar hankici. Ƴar rigar kuma a rataya ta ƙarƙashin mayafi mara kauri, rana na ratsawa, ido ba ya gani.

Sababbi guda goma na fara wankewa don su saki, na shanya su a igiyar tsakar gida, ban ce wa kowa komai ba. Ranar Juma'a ce. Malam, maigidana, ya fito cikin babbar riga zai tafi masallaci, ya miƙa hannu ya zare ɗaya mai shuɗin fure, ya goge fuska, ya ninke ya sa a aljihu.

Na ce, "Malam, aje wannan, na sayarwa ne."

Ya ce, "Haba, Zuwaira, hankici ɗaya ma sai kin yi mini rowa?"

Na ce, "Ai ba hankici ba ne."

Ya tsaya, ya dube ni, ya dubi igiya. Ban taɓa ganin hannu ya fita daga aljihu da sauri haka ba. Sai da ya sake alwala, ko da yake na rantse masa sabo ne fil. Ranar na san ɗinkin ya yi.

Sunan da ya ɓaci bai dawo da sauƙi ba. Duk ranin nan na yi shi ina bin ƙauyuka, wani a ƙafa, wani a amalanke, ina neman duk wadda na taɓa sayar wa mai kauri, in karɓa in ba ta sabo. Wasu sun rufe mini ƙofa. Wasu sun ce ba su taɓa ganina ba. Wasu kuwa da suka jawo nasu daga cikin tukunya ko ƙarƙashin katifa, na ga ba Rabi kaɗai ba ce, ita ce dai tata ta fito fili. Duk wadda ta ce mini tana jin ƙaiƙayi, ban ba ta ƙyalle ba sai da na ce ta je a duba ta. Akwai matan da har yau ba su sake tsayawa a rumfata ba. Ina gaishe su in sun wuce.

To, ƴaƴana, riga mai aiki a wuya zan koya muku, ba ta da wuya. In kin karkata ta, mai ita za ta yi fushi ta ƙi sawa ranar suna, shi ke nan. Wannan kuwa in kin karkata shi, mai shi ba za ta dawo ta gaya miki ba. Shiru za ta yi da ciwonta, har wani ya yanke mata abin da za a yi da jikinta. Saboda haka gobe ba wadda za ta hau keke. Kowace za ta ɗauki ɗaya ta ɗaura, ta je rijiya sau biyu, ta wanke, ta nemo wurin shanya a gidan ubanta, ta dawo ta gaya mini yadda ta yi. Kuma duk ranar da mace ta zauna a gabanki ta ce "abin nan fa?", kafin ki tambaye ta kwana nawa take yi, ki fara da cewa, "A ina za ki shanya?" Ki jira amsarta, kada ki amsa mata.

Bara na bi ta ƙauyen su Rabi zan je gaisuwar rasuwa. Ban shiga ba, daga bisa amalanke na leƙa. Ƙyallaye huɗu masu fure suna bisa igiya a tsakiyar gida, rana na dukansu, ƙannen miji suna wucewa ta gefensu da hauya a kafaɗa. Iya tana zaune a inuwarsu, tana ɓarar gyaɗa.